Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da Haƙƙin Ƙasar Katagum a Kanta



Mas'alar da za mu tattauna a kanta yau ita ce tashar jirgin ƙasa ta birnin Kano, da tarihinta, da jiragen da suka riƙa shiga da fita cikinta fiye da shekara ɗari. Ko da yake mai sauraro yana iya tambaya, da hujjarsa kuwa, me ya haɗa mutumin Azare da tashar da ke nesa da shi kimanin kilomita 200, alhali tun da aka fara shimfiɗa layin dogo a Nijeriya ba a taɓa aza ko taƙi ɗaya na ƙarfensa a ƙasar Katagum ba, to amsar ita ce, gyaɗar da kakanninmu suka noma, da fatun da suka shanya, da shanun da suka kiwata, suna daga cikin abin da ya raya wannan tasha tun farkon kafuwarta. Saboda haka muna da haƙƙin mu san labarinta, muna kuma da haƙƙin mu sa baki a kan makomarta.

Kafin a ji kukan jirgi a ƙasar Hausa, Katagum tana zaune ne a bakin babbar hanyar ayari wadda ta haɗa Kano da Barno, inda fatake ke wucewa yamma da kanwa da gishirin Manga da dawaki, su komo gabas da rigunan Kano da goron Gwanja. Ta wannan hanya ce ma matafiyan nan biyu na Birtaniya, Clapperton da likita Oudney, suka biyo a farkon shekarar 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, har ajali ya cim ma likitan a Murmur, shi kuwa abokinsa ya ƙarasa Kano ba tare da shi ba. A wancan zamani fuskar tijarar Kano tana duban arewa da gabas ne, wajen Agadas da Gadamus da Tarabulus da Kukawa, kuma duk garin da Allah ya ajiye a kan waɗannan hanyoyi yana da rabonsa na zango da fito da ciniki. Abin da jirgin ƙasa ya zo ya yi shi ne ya juya fuskar nan ɗungum zuwa kudu, wajen bakin teku, kuma daga wannan juyi ne duk abin da za mu faɗa ya samo asali.

Turawan mulkin Ikko ne suka fara aikin layin dogo daga Iddo a 1896. Layinsu ya kai Badun a 1901, ya ci gaba sannu a hankali har ya tsaya a gaɓar Kwara, a Jabba, a 1909. Amma hukumar Arewa, wadda a lokacin gwamnati ce dabam mai nata baitulmali, ba ta so ta jingina da Ikko ba. Tun zamanin Gwamna Lugga ra'ayinta shi ne ta yi nata layin daga Baro, wani ƙaramin mashigi a ƙasar Nufe inda jiragen ruwa ke iya kaiwa idan kogi ya kawo, a miƙe da shi har Kano. A 1907 gwamnatin Ingila ta amince, kuma Winston Churchill, wanda yake ƙaramin ministan ƙasashen da ake wa mulkin mallaka a sa'an nan, bai ɓoye dalili ba, domin masaƙun Lankasha suna yunwar auduga, an kuwa gaya musu cewa ƙasar Hausa ita ce taskarta. Aka naɗa Sir Percy Girouard ya gaji Lugga, shi ko injiniyan soja ne, mutumin Kanada, wanda ya riga ya yi suna da shimfiɗa layin dogo cikin hamadar Sudan daga Wadi Halfa, layin da rundunar Kitchener ta bi zuwa yaƙin Mahadiyya. Wato dai mutum ne da ya san ƙarfen dogo a matsayin makamin mulki tun kafin ya san shi a matsayin hanyar fatauci.

Wajibi ne a nan mu dakata mu ambaci waɗanda littattafan Turawa ba su cika ambata ba. Mil 356 ɗin da ke tsakanin Baro da Kano, ba injuna suka sare dajinsu ba, ba su kuma suka cike kwarurukansu ba. Talakawan Nufe da Gwari da Zazzau da Kano ne, waɗanda aka umarci sarakuna su tara ta hannun hakimai da dagatai, aka raba su da gidajensu da gonakinsu, suka yi ta sara da diga suna jidar ƙasa a kwando bisa kai, ana biyansu da 'yan sulallan da yawancinsu ba su saba riƙewa ba, domin wuri suka sani. Aikin diga ya zauna a bakin tsofaffi shekaru masu yawa a matsayin ma'aunin wahala, kuma da irin wannan gumi ne aka kai ga shimfiɗa fiye da mil 6 a yini guda sa'ad da aikin ya doshi Kano. Allah ya jiƙansu, ya saka musu da alheri.

A ƙarshen watan Maris na 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, ƙarfen ya iso bayan ganuwa ta gabas. A Afrilun 1912 aka buɗe layin ga 'yan kasuwa da fasinjoji. Cikin wannan shekarar kuma aka haɗe shi da na Ikko, wanda ya biyo ta Zungeru ya sadu da shi a Minna, suka koma ƙarƙashin hukuma ɗaya. A Jabba, kafin a buɗe gada a 1916, jirgin fito ake ɗora wa taragai ya haye da su. Mai nazari zai lura cewa an ɗaura layukan nan biyu shekara biyu kafin a ɗaura Arewa da Kudu a 1914, kuma tafiyar da ayari ke yi wata da watanni tsakanin Kano da teku ta komo ta 'yan kwanaki ƙalilan, a kan nisan kilomita 1,126.

Sai dai kana naka, Allah yana nasa. Audugar da aka yi layin dominta ba ta zo ba, saboda masaƙan Kano suna sayenta da tsadar da kamfanin audugar Ingila, wanda ya kafa injin gurza a Zariya, ba ya iya biya. Manomi kuwa, wanda aka ɗora wa harajin da ba a karɓarsa sai da kuɗin Bature, ya duba ya ga gyaɗa ta fi masa maslaha, domin tana son jigawa, ba ta hana shi shuka gero da dawa a gona ɗaya, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta, alhali ba a cin auduga. Daidai wannan lokaci masana'antun Turai suka gano dabarar daskarar da man tsirrai su mai da shi man shafa wa burodi, suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Manyan fataken Kano, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada, waɗanda suke da jari da yara da amana a karkara, su suka karɓi kuɗin kamfanoni suka baza a ƙauyuka. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar, wadda ba ta kai ton 3,000 ba a 1912, sai ga ta ta haura ton 19,000 a 1913, har tashar ta cika ta batse, buhuna suka rasa taragon da zai kwashe su. Daga baya Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya zama wakilin saye na kamfanin Neja a 1918, ya shige gaban kowa a wannan sana'a, kuma da sunansa ake haɗa dalar gyaɗa, wadda ɗaya takan ci buhu kusan 15,000. Mutane suna ambaton dalar nan da alfahari, kuma suna da gaskiya, domin shaida ce ta ƙwazon manomin Arewa. Amma adalci ya wajabta mu ƙara da cewa tsayinta da daɗewarta shaida ne kuma na gazawar reluwe, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da injuna suka gaji, taragai suka yi ƙaranci, gyaɗa ta riƙa shekara a fili tana jiran jirgi, har sabuwa ta tarar da tsohuwa, ƙwari suna cin rabonsu.

To, ina Katagum a cikin wannan al'amari? A shekarun da jirgi ya iso, ƙasar Katagum tana ƙarƙashin Lardin Kano ne, kuma cikin shekarun nan ne aka ɗauke fadar Sarki daga tsohon birnin Katagum aka dawo da ita Azare. Sai a 1926 aka mayar da masarautar cikin Lardin Bauchi, amma canjin takarda bai canja alƙiblar kasuwa ba, domin Kano ce inda sikeli da kanti da tasha suke. Ƙasarmu kuwa ƙasar gyaɗa ce da auduga da dabbobi. Da kaka ta yi, sai ka ga jakuna da takarkarai da raƙuma sun ɗauki hanya a jere, su haye kogin Jama'are, su haye na Wudil, suna kwana a zango-zango har su isa. Daga baya manyan motoci suka karɓi aikin, a kan hanyar da damina ke rufewa. Abin da nake so mai sauraro ya riƙe a nan shi ne, farashin gyaɗa a bakin layin dogo ake yanke shi, sa'an nan a riƙa zabge ladan dako gwargwadon nisan wurin awo daga tasha. Ma'ana, manomin Ringim da manomin Gamawa suna iya yin wahala iri ɗaya, su cika buhu iri ɗaya, amma na Gamawa ya karɓi abin da bai kai na ɗan'uwansa ba, ba don wani laifi nasa ba, sai don ƙarfen dogo bai ratsa ta ƙofarsa ba. Wannan ragi, da aka yi ta yi shekara bayan shekara har tsawon rabin ƙarni, wani haraji ne da ba a rubuta shi a littafin kowane hakimi ba, kuma ƙasar Katagum ta biya shi cikakke.

Ita kanta tashar an gina ta ne a wajen birni, tsakanin Fage da Nasarawa, kuma cikin 'yan shekaru wani sabon Kano ya tsiro a kewayenta: kantunan kamfanin Neja da John Holt da sauran Turawa, da rumfunan Kwarori waɗanda Kantin Kwari ya samo suna daga gare su, da Sabon Gari wanda aka yanka wajen 1913 domin akawuna da masu sana'a da ma'aikatan reluwe da suka zo daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas. Daga wannan tasha jirgin Ikko yake tashi, ya tsaya Zariya da Kaduna da Minna da Jabba da Ilori da Offa da Oshogbo da Badun da Abekuta, har ya tuƙe a Iddo, yana jan taragon faskila mai ɗakunan kwana, da na sikinkila, da na talakawa mai bencin katako, inda ake cuɗanya da ƙunshin kaya da buta da tabarma. Tun daga 1927, da layin gabas ya iso Kaduna ta Kafancan, mutum yana iya yankar tikiti a Kano ya sauka Makurɗi ko Inugu ko Fatakwal, kuma ta nan ne kwal ɗin Inugu ke zuwa ya ciyar da injuna, kafin a fara shigo da masu shan dizal a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Daga Zariya wani reshe ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ban da jirgin fasinja akwai na kaya, wanda shi ne ainihin mai ciyar da reluwe: yana gangarawa da gyaɗa da auduga da ƙiraga da fatun awaki, da shanu a tsaye cikin taragonsu tare da makiyayin da ke kula da su, ya hauro da gishiri da kananzir da atamfa da siminti, da goron Shagamu da Agege wanda ya maye gurbin na Gwanja. Zangunan Hausawa na Sabo a Badun da na Agege da na Shagamu, inda har yau ake samun zuriyar mutanen Katagum da Haɗeja da Kano, a kan wannan ciniki na shanu da goro suka ginu.

Har malamai ma sai da jirgi ya ba su abin nazari. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun iyakance tafiyar da ake ƙasaru a cikinta da mil 48, kuma an fahimci wannan ne a zamanin da mil 48 ke nufin yini biyu na tafiyar raƙumi. Da jirgi ya zo yana cinye su cikin 'yan sa'o'i, sai fatawa ta tabbata a kan cewa hukuncin yana rataye ne da nisan, ko da wahalar ta ragu. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin Ikko ya san yadda jama'a ke kwararowa daga taragai idan an tsaya wata babbar tasha, kowa da butarsa, a yi alwala, a tsai da sahu a gefen layi, a haɗa Azahar da La'asar raka'a bibbiyu, kunne yana wajen usur ɗin gadi.

Sau biyu layin dogo ya fito daga inda yake ya nufo gabas, sau biyun kuma ya kauce mana. Na farko shi ne reshen Nguru, wanda ya tashi daga tashar Kano ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru a 1930, tsawon kimanin kilomita 230. Wannan reshe ya raya garuruwan da ya taɓa: Malam Madori ta zama wurin awo har ta yi tata dalar gyaɗa, Nguru ta zama matattarar shanu da banda da ƙaro da kayan Barno ta arewa da na ƙasar Nijar. Mutanen tsohon Katagum da Zaki sun sami sauƙi da shi, tun da Malam Madori ba ta da nisa ainun daga gare su ta hanyar Haɗeja. Amma tsakaninsu da ita akwai fadamu da koguna, ga Azare kuwa da kudancin masarauta nisan bai ragu yadda zai canja lissafi ba.

Na biyu shi ne layin Barno. Tun da farko akwai wani ƙaramin layi mai suna layin Bauchi, wanda aka gama a 1914 daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin kwasar kuza, aka rufe shi a 1957, bai kuwa taɓa zuwa garin Bauchi ba, balle arewacinta. Layi na haƙiƙa sai da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firayim Minista, ya ga an fara shi da rancen dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958. Ya tashi daga Kuru kusa da Jos, ya isa Bauchi a 1961, Gwambe a 1963, Maiduguri a 1964, tsawon kimanin kilomita 640. Babu mai hankalin da zai ƙi yaba wannan aiki, domin ya buɗe ƙasar audugar Gwambe, ya kai jirgi har Barno. Amma sakamakonsa a gare mu shi ne, tsohuwar hanyar Kano zuwa Barno, wadda ita ce miƙaƙƙiya kuma ita tarihi ya sani, an bar ta ba ƙarfe, wani layi ya bi ta arewa da ita, wani ya zagaya ta kudu, ƙasar Katagum ta zauna kamar gonar da ke tsakanin ƙoramu biyu, ruwan ko ɗaya bai kai ga kunyarta ba.

Shekarar da aka gama layin Barno ita ce ƙololuwar reluwe a ƙasar nan: a 1964 jiragen Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan ton miliyan 3, zuwa 1974 fasinja sun komo miliyan 4 da ɗoriya, kaya kuwa ton miliyan 1 da kaɗan. Dalilan faɗuwar suna da yawa, kuma na farkonsu shi ne mafi ɗaci. A fitinar 1966 an zubar da jinin bayin Allah 'yan Gabas a cikin wannan tasha ta Kano, abin da shari'a ba ta halatta ba, hankali bai yarda da shi ba. Waɗanda suka tsira suka tafi, cikinsu har da direbobi da makanikai da akawunan da reluwe ta dogara da su, sa'an nan yaƙin basasa ya datse layin gabas. Bayan yaƙi kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta karkata ga gina titunan kwalta, manyan motoci suka ƙwace kaya masu tsoka. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka ƙarasa abin da ya rage, dala ta ɓace daga filayen Kano. Layin kuma shi kansa an yi shi ne da arha tun asali, siriri mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, tilo, mai yawan lanƙwasa, wanda jirgi ba ya iya sakin gudu a kansa, kuma dole wani ya tsaya a tasha ya jira wani ya wuce. An ɗauko ƙwararrun Indiya sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, aka ɗan ga haske, suna tafiya al'amari ya koma gidan jiya. An ba kamfanin Sin kwangilar gyara a 1995, ba ta warkar da ciwon ba. A watan Disamba na 2012, bayan wani sabon gyara, aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Ikko da Kano sau ɗaya a mako, yana tashi Iddo ranar Juma'a, ya juyo daga Kano ranar Litinin, tafiyar tana cin sa'a 30 ko fiye, amma duk da haka yana cika maƙil saboda arhar tikiti. Daga nan annobar 2020, da ambaliyar da ke wanke layi, da rashin tsaro a dazuzzukan Neja da Kaduna, suka sa ya riƙa tsayawa yana tashi.

Yanzu kuwa an shiga wani sabon babi, na layi mai faɗi irin wanda yawancin ƙasashen duniya ke amfani da shi, milimita 1,435 maimakon 1,067, wanda jirginsa ba ya hawa tsohon ƙarfe, na tsohon kuma ba ya hawa nasa. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021. A wannan shekarar ta 2021 aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. A 2023 kuma aka buɗe tashar kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki. Idan Allah ya nufa aka kammala waɗannan, Kano za ta sake zama mahaɗar jirage kamar yadda ta kasance, ko fiye. Abin da ya fi shafarmu a cikin shirin, wanda ban ji ana tattauna shi a majalisunmu yadda ya kamata ba, shi ne cewa kwangilar Maraɗi ta ƙunshi wani reshe da zai tashi daga Kano ya tsaya a Dutse.

Jama'a, daga Dutse zuwa Azare kimanin kilomita 100 ne, daga Azare zuwa Fataskum kuma kusan haka. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tsaunin da za a fasa, babban abin da ke gaban injiniya shi ne kogin Jama'are da fadamarsa. Reshen da ya tsaya a Dutse zai ɗauki ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwar gari ɗaya, wannan kuwa alheri ne ga 'yan'uwanmu na Jigawa. Amma tarihin tashar Kano da muka karanta ya nuna ƙarara cewa kaya ne ke riƙe layin dogo, domin ta bunƙasa sa'ad da akwai gyaɗar da za ta cika tarago, ta durƙushe sa'ad da gyaɗar ta ƙare. Kayan kuwa suna gabas da Dutse: shanun kasuwar Fataskum, wadda take cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, da na Azare da Gamawa, da riɗi da wake da gero da shinkafar fadama da kankana, waɗanda tireloli ke kwasa dare da rana zuwa Kano da Kudu, a dawowa kuma ga taki da siminti da mai. Ga jama'ar da ke zuwa asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare daga jihohi uku, ga ɗaliban kwalejin ilimi ta Aminu Saleh da jami'ar kimiyyar lafiya da jami'ar Gadau.

Na san za a ce an riga an ba mu tagwayen hanya daga Kano zuwa Maiduguri, me kuma muke nema, ga bashi ya yi wa gwamnati katutu? Maganar bashi gaskiya ce, kuma ba na kira a ciwo rance ba tare da lissafi ba. Amma kwalta ba ta jure nauyin tirela shekara da shekaru, kuɗin gyaranta kuma daga baitulmalin nan ne yake fita. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ladan mota ya zama shi ne ke cinye ribar manomi, wato tsohon harajin nan na nisa ya dawo da sabon suna. A daminar 2024 kuwa kowa ya ga yadda ambaliya ta yanke hanyar nan a cikin ƙasar Katagum, matafiya da kaya suka yi cirko-cirko, babu wata hanya ta biyu mai ɗaukar nauyi da za a karkata gare ta.

Saboda haka nasihata ga wakilanmu na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da gwamnatocin Bauchi da Jigawa da Yobe da Barno, da majalisun masu martaba sarakuna, ita ce su haɗa murya tun aikin Dutse bai kammala ba, su nemi a tsara tashar Dutse a matsayin mashigi wanda layi zai wuce ta cikinsa ya ci gaba, a kuma sa kuɗin awon hanya daga Dutse ta Kiyawa da Jama'are da Azare zuwa Fataskum a cikin kasafin tarayya, domin awo ba shi da tsada idan aka gwada shi da gini, kuma ba a ba da kwangilar layin da ba a auna ba. Su nemi a ci gaba da kula da reshen Nguru, wanda har yanzu shi ne ƙarfe mafi kusa da mutanen Zaki. Hukumar filaye ta jiha da ƙaramar hukumar Katagum kuma suna da aikin da ba ya jiran Abuja, wato su keɓe filin tasha da zirin da layi zai bi a gefen Azare tun yanzu, su yi masa shaida a taswira, domin garin yana faɗaɗa ta kowace kusurwa, kuma filin da yau gona ce, idan aka bar shi shekara goma, sai an rushe gidaje an biya diyya kafin a same shi.